Bakin da Sanyi Ya Kama

Daga garin Saint-Michel-de-Maurienne da ke gindin kwari zuwa ƙolin mashigar Galibier tafiyar kilomita 35 ce, kuma kusan dukkanta hawa ne. Hanyar takan tashi daga tsayin mita 700 da 'yan kai, ta kutsa cikin itatuwa zuwa mashigar Télégraphe, ta ɗan sauka ƙauyen Valloire, sannan ta miƙe sama har inda itace ba ya tsirowa, ta dire a mita 2,642. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato kwaltar Galibier ta haura ƙolinsa da fiye da mita 200. Iska kuwa ba ta sassauta wa kowa ƙa'idarta: duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. In ana yayyafi a gindin kwari ma'auni na nuna 14, to a sama bai wuce 1 ko 2 ba, abin da ke zubowa kuma ba ruwa ba ne ba ƙanƙara ba, wani abu ne tsakaninsu mai manne wa riga.

A kan irin waɗannan hanyoyi na tsaunukan Alp ake yin tseren keke na Haute Route, wanda aka fara a watan Agustan 2011: a wancan karon kwana bakwai aka yi daga Jeniba zuwa Nis, fiye da kilomita 700, da hawan da in aka tara shi ya kai mita 17,000. Masu shigarsa ba da keke suke cin abinci ba. Akwai likita a cikinsu, akwai akawu, akwai malamar makaranta da ɗan kasuwa mai furfura, mutanen da suka shekara suna asubanci su murza feda kafin su wuce wurin aiki, suka tara kuɗi suka biya, suka karɓi hutunsu na shekara suka zuba shi a nan. Ana manna musu lamba, na'ura na ɗaukar lokacinsu, kowane maraice a fitar da jerin wanda ya riga wani. Komai daga tseren ƙwararru aka kwaikwayo shi, har da kalmomi. Kalmomin nan su ne damuwata, domin ranar da gari ya ɓaci ba sa zama inda aka ajiye su.

Ɗauki hawa da gangara. Duk wanda ya taɓa zama a sirdin keke ya san hawa shi ne wahala, gangara ita ce lada. Ranar ruwa abin juyewa yake yi. Jiki mai aiki zafi yake samarwa: daga ƙarfin da mai hawa ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai ke isa feda, sauran duk ɗumi ne. Saboda haka ruwa na dukansa daga waje, gumi na jiƙa shi daga ciki, amma bai damu ba. Tafiyar ma a hankali ce, kilomita 9 ko 10 a awa, iska ba ta saransa. Da ya kai ƙoli sai ɗumin ya yanke. Yanzu zai zauna cik, jiƙe sharkaf, ya gangara da gudun kilomita 50 cikin iska mai digiri 2, ba abin da ke aiki a jikinsa sai yatsu biyu a kan birki. Ruwa ya ninka iska fiye da sau 20 wajen kwashe zafin jiki. Jiki kuma idan ya fara tattalin ɗuminsa, yakan tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa ya tara jini a ƙirji da ciki, wato yatsun nan da ran mutum ke rataye da su su ne farkon abin da ake yanke wa kaso. "Mun kai sama," wanda albishir ne a ranar rana, a ranar ruwa gargaɗi ne. Akwai masu fatan hawan ya ƙara tsawo.

A ƙolin akan kafa rumfa, ko a buɗe bayan mota, 'yan sa-kai cikin rigunan ruwa suna miƙa shayi mai zafi da ayaba da gutsuren cuku. Ga wani ya iso. Ya zare ƙafa ɗaya daga feda, ta biyun ta ƙi fita sai da aka riƙe masa keken. Ruwa na ɗiga daga bakin hular kwanonsa zuwa hanci, leɓunansa sun dushe, haƙoransa na haɗuwa kaf-kaf. Ya kai hannu aljihun baya zai ciro rigar ruwa, hannun ya yi ta lalube bai gano bakin aljihun ba, sai da aka ciro masa. Ya zura hannu ɗaya, iska ta fizge ɗayan hannun rigar ta maka masa a baya. Saura zif. Ƙananan ƙarafa biyu ne, waɗanda yaro ɗan shekara biyar ke haɗawa yana kallon wani wuri, ga babban mutum ya sunkuya a kansu, yana kai ɗaya bakin ɗaya yana kuskurewa, da yatsun da ba sa jin abin da suka riƙe. Wata 'yar sa-kai ta dube shi ta tambaya da Faransanci, ça va? Ya ɗago kai ya ce, ça va. Lafiya? Lafiya lau.

Mu ma mun san wannan amsa. Ka je dubiya asibiti, ka tarar da mutum ko zama ba ya iya yi, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ba ƙarya ya yi maka ba, kai ma ba ka ɗauki maganar a matsayin rahoton likita ba. Ladabi ne, da godiyar Allah, da ƙin ɗora wa mai gaisuwa nauyi. Sai dai a gefen gadon akwai wanda ya san gaskiyar jikin, kuma ba gaisuwar ce za ta yanke ko a sallame shi ko a riƙe shi ba. A kan Galibier kuwa wannan amsa ita ce takardar sallama. Wanda ya ce ça va aka yarda, ya kama gangara ke nan.

Cikin amsar tasa akwai ladabi irin namu. Akwai son rai kuma, wanda ban ga laifinsa ba: ya san in ya ce a'a za a naɗe shi da bargo mai ƙyalli a saka shi a mota, asubancin shekara guda ya tafi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. Zafin cikin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, in ya sauka ƙasa da 35 likitoci sun ce an shiga haɗari. Da fari jiki yakan kare kansa da makyarkyata, tsoka na karkarwa don ta samar da ɗumi, kuma muddin mutum na rawar sanyi yana mita, to da sauran dama. Idan zafin ya ci gaba da sauka zuwa wajen 32, makyarkyatar takan tsaya. Hankali ya kwanta, damuwa ta tafi, barci ya fara fizga. An sha samun waɗanda sanyi ya kashe a tsaunuka sun tuɓe rigunansu da hannunsu. Tun kafin a kai nan ma sanyi ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa: lissafi ya yi nauyi, harshe ya yi nauyi, mutum ya kasa auna nisan da ya rage da ƙarfin da ya rage masa. Sashen da ya kamata ya ce a tsaya, shi ne sashen da ciwon ya fara kamawa.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masu aikin ceto a tsaunuka hannu suke tambaya. A ce wa mutum ya taɓa ƙaramin yatsansa da babban yatsa, ya ja zif ɗinsa da kansa, ya yi 'yan taku a miƙe. In za a yi masa magana, a yi masa tambayar da kalma ɗaya ba ta isa ta amsa ba: daga wane gari kuka taso yau, yaushe rabonka da abinci, ina za ku kwana. Ba amsar ake nema ba. Yadda kalmomin ke fitowa ake saurare, ko a jere suke zuwa ko suna tuntuɓe.

To ina mutumin nan ya koyi cewa gangarawa ita ce daidai? Daga labarai ya koya, kuma labaran keke na ranar mugun yanayi 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Ranar 5 ga Yunin 1988 tseren Giro na Italiya ya bi ta mashigar Gavia, mai tsayin fiye da mita 2,600, cikin dusar ƙanƙara, a kan hanyar da wani sashenta ko kwalta babu. Andy Hampsten ya isa garin Bormio na biyu, daƙiƙa 7 bayan Erik Breukink ɗan ƙasar Holan, ya karɓi rigar jagoranci, daga bisani ya zama Ba'amurke na farko da ya ci Giro. Hotonsa na ranar, dusa ta yi masa fari fat a ka da kafaɗa, yana rataye a shagunan keke har yau, kuma kalmar da ake liƙa masa ita ce jarumta. Abin da ba a cika ratayawa ba shi ne abin da ya faru kafin a tashi. Mutanen ƙungiyarsa ta 7-Eleven sun ji hasashen yanayi, suka shiga shagunan masu wasan dusar ƙanƙara suka sayo safar hannu da huluna masu kauri, aka shafe jikin mahayan da man gashin tumaki, aka ajiye mutane a kan hanyar hawan riƙe da shayi mai zafi da busassun kaya. Wanda ya fara haye ƙolin Gavia a ranar ba Hampsten ba ne, Johan van der Velde ne, shi ma ɗan Holan, da riga mai gajeren hannu, bai tsaya ya ƙara komai ba. Gangarar ta karya shi. Ya isa Bormio kusan minti 47 bayan wanda ya ci zangon.

In ƙarfin zuciya ake aunawa, Van der Velde bai gaza kowa ba a ranar. Abin da ya raba su safar hannu ce da shayi. Amma tanadi ba ya yin kyau a hoto, don haka labarin kafin ya iso kunnen akawun da ke murza feda da asuba an tankaɗe shi, jarumta ta tsaya, tanadi ya zube. Haka ake yi da labarin Bernard Hinault, wanda ya ci tseren Liège–Bastogne–Liège na 1980 cikin dusar ƙanƙara da tazarar minti 9 da daƙiƙa 24, ya kuma daɗe yatsunsa biyu ba su dawo daidai ba. Mutum 174 suka tashi a ranar, 21 suka ƙarasa. Sauran 153 ɗin fa? Su ma ƙwararru ne, da keken suke ciyar da iyalinsu, suka dubi sama suka dubi hannuwansu suka sauka. Babu mai rataya hotonsu, alhali darasin da ɗan sha'awa ya fi bukata a wajensu yake.

Domin shi ɗan sha'awa, ko da hanya ɗaya suka bi da ƙwararre, ba dutse ɗaya suka hau ba. Abin da ƙwararre zai haye cikin awa ɗaya da rabi, shi sai ya kwashe awa uku, wato ninki biyu na zama cikin ruwa, da jikin da ɗumin da yake samarwa bai kai na wancan ba. Babu motar ƙungiya a bayansa da za ta miƙo busasshiyar riga ta taga. Abin da ya cusa a aljihu da ƙarfe shida na safe shi ne dukiyarsa har maraice. Ya ari kalmomin mutanen da ke da duk wannan gata, ya hau da su dutse shi kaɗai.

Kalmar da ta fi ci masa tuwo a ƙwarya ita ce wadda Faransawa ke rubutawa gaban sunan wanda bai ƙarasa ba: abandon, irin kalmar da ake yi wa wanda ya yasar da gidansa ko ya gudu ya bar bakin aiki. Motar da ke bin bayan tsere tana kwasar irinsu an ƙirƙiro ta ne a Tour de France na 1910, shekarar da aka fara shiga manyan tsaunukan Pyrénées, sunanta kuwa motar tsintsiya. A tseren ƙwararru kafin ka shige ta sai an cire lambar da ke bayanka. Wanda ya tashi cikin wannan harshe ba sai an faɗa masa abin da tsintsiya ke kwasa ba.

A nan nakan tsaya in dubi namu harshen, domin akwai abin da ya ajiye wanda na ga ya dace da bakin wannan rumfa. Idan mutum ya ci gaba da tafiya cikin ruwa da ciwo, mukan ce ya yi haƙuri. Idan ya dubi abin ya ga ba dama ya sauka, mukan ce ya haƙura. Tushe ɗaya ne, kuma babu zagi a cikin ko ɗaya. Harshen ya ɗauki su biyun a matsayin aiki guda, wato danne abin da ke taso maka: mai ci gaba yana danne kukan jiki, mai sauka yana danne burin zuciya, kuma duk wanda ya taɓa sakin abin da ya shekara yana nema ya san na biyun ba shi ne mai sauƙin ba. Muna da sunayen gazawa daban, karaya da sarewa da ragwanci. Muna da sunayen dagewar da ta lalace, taurin kai da ganganci. Ashe iyakar ba tsakanin mai tafiya da mai tsayawa take ba, ta ratsa ta tsakiyar kowannensu. Akwai wanda ke gangarawa daga Galibier saboda karaya, don ba zai iya haɗa ido da abokansa a teburin dare ba, akwai kuma wanda ke miƙa kekensa a ɗora a mota da ƙarfin halin da ya fi na kowa a wurin. Ba ina cewa Bahaushe ya fi wani sanin lokacin sauka ba ne. Kunya na kai mu inda ba mu shirya ba, mu ma. Amma kalmar tana nan, ƙofa ce a buɗe ga wanda ke neman ya fita da mutuncinsa.

Kada wani ya ɗauka ana kambama abin ne. Ranar 22 ga Mayun 2021, a lardin Gansu na ƙasar Sin, mutum 172 suka tashi tseren gudu na kilomita 100 a cikin tsaunuka. Ba keke ba ne, amma sanyin ɗaya ne. Wajen tsakar rana iska mai ƙarfi da ruwa mai ƙanƙara suka rutsa da su a wani hawa da mota ba ta zuwa, yawancinsu da gajeren wando da riga shara-shara. Mutum 21 suka rasu, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin gwanayen dogon gudu na ƙasar. Masu ƙarfin da ke gaba su ne suka fi yin nisa cikin hadarin. Wani makiyayi ya ceci mutum shida, ya shigar da su wani kogo ya hura musu wuta. Ƙarshen watan Mayu ne fa, ba tsakiyar lokacin sanyi ba. Jiƙa da iska da gajiya, in suka haɗu, sun isa.

Tseren kwanaki yana da nasa ƙarin, wanda tseren yini ɗaya bai sani ba. A nan "mun gama" ba ta nufin komai sai cewa gobe da ƙarfe biyar za a sake tashi. Leƙa ɗakin otal a daren zango na uku bayan yinin ruwa. Takalma biyu a gindin bango, an cusa musu tsohuwar jarida don ta tsotse ruwa, a sauya ta kafin a kwanta. Wandon keke an wanke shi a kwanon wanke hannu, an naɗe a tawul an murɗe, an rataya a ƙofar banɗaki. Wani na zaune a bakin gado ya zura bakin na'urar busar da gashi cikin safar hannu, ɗaya bayan ɗaya, ɗakin duk ya ɗauki warin jiƙaƙƙen kaya. A ƙasa makanikai na wanke sarƙoƙin da yashi ya ci, suna sauya robar birkin da gangara ɗaya ta cinye. Wannan duk mai sauƙi ne a kan bashin da ke cikin jiki. Sukarin da tsoka da hanta ke iya ajiyewa bai wuce kimanin rabin kilo ba, makyarkyata kuma daga cikinsa take ci. Ranar ruwa mutum ba ya cin abinci yadda ya kamata, don abincin na aljihun baya, aljihun na ƙarƙashin rigar ruwa, yatsun kuma ba sa iya yage leda. Sanyi ma yana kashe ƙishirwa. Sai ya iso masauki da giɓin da tuwon dare ɗaya ba zai cike ba, ya tashi da shi, ya ƙara wani a kai. Mutumin da ya ce ça va a rana ta biyar ba shi ne wanda ya faɗe ta a rana ta farko ba, ko da muryar ɗaya ce.

Paul de Vivie, mutumin Saint-Étienne da aka fi sani da Vélocio, wanda ya rasu a 1930 bayan ya kwashe rayuwarsa yana koya wa Faransawa yawon keke mai nisa, ya bar wa almajiransa 'yan shawarwari. Daga ciki akwai cewa a ci abinci tun yunwa ba ta zo ba, a sha tun ƙishirwa ba ta zo ba, a rufe jiki tun ba a ji sanyi ba. Nauyin shawarar duk a kan "tun" yake. Ya gane cewa jin jiki yakan iso a makare, don haka hukunci a yanke shi lokacin da kai ke daidai. Abin da masu hankali cikin mahaya ke yi ke nan a wannan ɗakin mai warin kaya: a tsaida magana tun ana da ɗumi. A sa rigar ruwa kilomita ɗaya kafin ƙoli, lokacin da yatsu ke aiki. Abokai biyu su yi alkawari, in na kasa jan zif ɗina da kaina, kada ka saurari bakina, ka saka ni a mota. Mutumin daren yau yana ɗaure mutumin tsakar ranar gobe, domin ya san ba abin yarda ba ne. A Haute Route har akwai mahayi na musamman da ke bin bayan kowa sanye da jajayen kaya, ana kiransa jar fitila, sunan da aka aro daga fitilar da ake ratayawa a taragon ƙarshe na jirgin ƙasa. A Tour de France wannan laƙabin na ƙarshe ne a jeri. A nan an mai da shi aiki, na rakiyar waɗanda ƙarfinsu ya kusa ƙarewa.

Su kansu ƙwararrun sun daɗe kafin su amince cewa bakin mahayi ba shi ne zai yanke wannan hukunci ba. Sai a 2016 hukumar keke ta duniya, UCI, ta kafa ƙa'idar mugun yanayi, wadda ta ce in gari ya ɓaci masu shirya tsere da alƙalai da wakilan ƙungiyoyi da na mahaya su zauna su yanke ko a rage hanya, ko a sauya ta, ko a soke. Ranar 26 ga Yulin 2019 duniya ta ga irin wannan hukunci a Tour de France: mahaya na gangarowa daga mashigar Iseran, mai tsayin fiye da mita 2,760, ƙanƙara da zabtarewar ƙasa suka toshe hanyar Tignes a gabansu. Aka tsayar da tseren suna tsakiyar gudu, aka ɗauki lokacin da kowa ya haye ƙoli, Egan Bernal ɗan Kolambiya ya karɓi rigar jagoranci daga Julian Alaphilippe, zangon kuma ya tashi ba wanda ya ci shi. Mahayan da ke cikin gangarar ba su san abin da ke jiransu bayan 'yan kwanoni ba. Da an tambaye su, lafiya lau za su ce, kuma gaskiya suka faɗa iyakar saninsu.

Ɗan sha'awa ba shi da wakili a teburin kowa. Yana da daraktan tsere, da taron bayanin da ake yi kowane maraice a wani zaure, mutane zaune a gajiye da faranti a cinya. Ko a ranar rana, a irin wannan tsere akan kashe agogo a wasu gangarori masu haɗari don kada kowa ya sayar da ransa a kan daƙiƙa goma. A daren mugun hasashe kuwa darakta yakan tashi ya ce gobe ba za a hau mashiga kaza ba, za a zagaya ta kwari, ko a kwashi mutane a bas a ɗora kekuna a manyan motoci. Zauren yakan ɗauki gunaguni, kuma ina girmama gunagunin. Mutanen nan ba hutu suka zo yi ba. Wahalar da mutum ya zaɓa da kansa tana ba shi wani sani game da kansa wanda ofis da gida ba sa ba shi, kuma wanda ya tsallako teku don ya ga Galibier da ƙafafunsa yana da haƙƙin ya ji ciwo idan aka ce masa sai wata shekara. Wasunsu ma da an bar su da sun haye lafiya, sun gangara lafiya.

Sai dai darakta ba don waɗannan yake magana ba. Yana magana ne don matar da za ta iso ƙoli awa biyu bayansu, da dattijon da bai gama biyan bashin shekaranjiya ba, da saurayin da ya bar rigar ruwansa a jaka don ta yi masa nauyi. Ba zai iya tsayawa a rumfa ya gwada yatsun ɗaruruwan mutane ɗaya bayan ɗaya ba, kuma ya san amsar da kowannensu zai ba shi in ya tambaya. Don haka yakan faɗi kalmar a madadinsu gaba ɗaya, tun da daddare, lokacin da shi da su ke da ɗumi, ya ɗauki zagin a kansa. Washegari babu wanda aka rubuta wa abandon gaban sunansa. Bas ta sauke su a kwarin gaba, aka sauko da kekuna, kowa ya nemi nasa, aka kunna agogo daga nan.